Yadda Inna Ta Kife Kaskonta

Gidanmu na Kaura Namoda ba sai an yi wa baƙo dogon kwatance ba. A ce masa ya shiga layin bayan tasha ya bi ƙamshin soyayyar gyaɗa, hancinsa zai kai shi har zaure. Inna ce ke sana'ar mai da ƙuli-ƙuli, kuma a kan sana'ar nan gidan ya tsaya, ko da yake ba a faɗin haka a gaban Baba. Shi lebura ne a tashar jirgin ƙasa. Ya yi shekaru yana loda buhuna, daga baya jirgin ya koma zuwa jefi-jefi, bayansa kuma ya soma ciwo, sai ya zama yana fita ne kawai don kada a ce yana zaune.

Aikin mai ba wasa ba ne, wanda bai yi ba ya ɗauka daɗin ƙuli daga sama yake faɗowa. A soya gyaɗa a babban kasko, a murje, a sheƙe ɓawon, a kai inji a markaɗo. A juye a turmi ana ɗiga ruwan zafi ana juyawa har kafaɗa ta ƙage kafin mai ya fara tasowa. Sannan a matse tunkuza da hannu, a mulmula, a soya. Inna ta gaji aikin wurin tata uwar, kuma ta iya shi. Manta ba ya kumfa a wuta, ƙulinta ba ya karya haƙori. Ni ce babba a ɗakinta, don haka ni ce mai murza da sheƙewa da cika kwalabe.

Shekarar da aka ba mu jiha kasuwar Inna ta buɗe. Motoci suka yawaita tsakaninmu da Gusau, tasha ta cika da masu abinci, masu tsire suka ƙaru, ɗaliban foliteknik kuma ba sa rabuwa da garin rogo da ƙuli. A shekarar ne muka fara cin nama ba sai ranar Juma'a ba. A shekarar ne kuma ƙuraje suka feso mini a fuska.

Da fari 'yan ƙanana ne a goshi, kamar an watsa gero. Matan layi suna dariya suna cewa ƙurajen balaga ne, yarinya ta isa, a fara tara kwanoni. Na tsani wannan wasa, har yau in na ji ana yi wa wata yarinya shi raina ɓaci yake. Nawa ba su tsaya a goshi ba. Suka sauko kumatu da haɓa, wasu suka yi kai fari, wasu suka nutse cikin fata suka yi tauri suna zogi, ko sujada na yi sai na ji su. Ina matsewa a gaban ɗan madubin Inna, inda na matse ya bar baƙin tabo, gefensa kuma wani ya fito. A makaranta na koma zama a layin baya, na daina ɗaga hannu ko na san amsa.

Ba abin da ba a shafa mini ba. Sabulun salo, lemun tsami da ke sa ni hawaye, toka, farar ƙasa, dakakken ganyen dogonyaro, har man goge baki. Wata ta ce jini ne ya yi mini yawa, aka kira wanzami ya kafa mini ƙaho a ƙeya. Wata ta ce zafi ne a ciki, na sha jiƙe-jiƙe masu ɗaci har na daina tambayar sunansu. Kowace mace ta shigo sayen mai sai ta kama haɓata ta juya fuskata hagu da dama, ta faɗi nata maganin, ta karɓi kwalbarta ta tafi. Na gaji da zama abin dubawa.

Sai Goggo ta zo daga Zurmi. Yayar Baba ce, kuma a danginmu in ta yi magana an gama. Ta dube ni, ta dubi turmi da kasko da kwalaben mai jere a gindin bango, ta tafa hannu.

"Ku kuna neman magani nesa, ga ciwo nan cikin gida," in ji ta. "Gujiya ta. Ɗiyar ga cikin mai taka kwana, cikin mai taka tashi. Man da tac ci shi na ka hitowa ga huskatta. Ku hana mata ci."

Gujiya ita ce gyaɗa a bakin mutanenmu. Maganar ta shiga kunnen kowa, don ta yi kama da gaskiya. Ga fuskata kullum tana naso kamar an shafa mata mai, ga mai a gidan. Ni ma na yarda. Na bar ƙuli, na bar kunun gyaɗa, Inna ta riƙa ɗebar mini miya daban kafin ta zuba mai. Watanni suka wuce ina cin abinci salam, ƙuraje suna nan yadda suke. Da labari ya kai wa Goggo, ta aiko cewa to ba cin ba ne kaɗai, tururin suya ne ke shiga fata. Aka cire ni daga aikin. Inna ta haɗa nawa da nata, ina ɗaki ina jin ƙarar taɓarya, ita kaɗai. Fuskata ba ta san ana yi ba.

Ana cikin haka aka ƙaddamar da Shari'a. Gari ya sake. Mata suka bar hawa kabu-kabu, aka ware mana namu wurin a mota, hijabi ya game ko'ina. Ni kam na yi maraba da hijabin, kuma ba don na fi kowa tsoron Allah ba. Na sa tela ya matse mini bakinsa, ya rufe goshi har gira, ya rufe gefen kumatu. Abin da ya rage a waje kaɗan ne. Zufa na taruwa a ƙarƙashi lokacin bazara, wurin na ƙaiƙayi, amma na gwammace haka da idon mutane.

Da hutun ƙarshen shekara ya zo, Goggo ta ce a turo mata ni Zurmi, in yi nesa da gidan mai gaba ɗaya a gani. Na tafi. Gidanta ba a sana'ar gyaɗa, manoman gero ne, ko miya da man shanu suke yi. Ranar wata Alhamis surukarta ta je cin kasuwar Shinkafi ta dawo mini da tsaraba, wani ɗan man shafawa a siririn bututu, rubutun jikinsa da Faransanci, irin kayan da ke shigowa ta Nijar. Ta ce 'yanmata duk shi suke shafawa, yana gyara fata. Babu wanda ya ɗauke shi magani, ni ma ban ɗauke shi ba. Na riƙa shafawa safe da yamma kamar yadda ake shafa basilin.

Kafin hutu ya ƙare fuskata ta kwanta. Kumburin ya sace, jan ya tafi, har wani haske na yi. Na tsaya gaban madubi na ga yarinyar da na manta kamanninta. Goggo ta riƙa kiran maƙwabta su zo su gani.

"Mi nac ce muku? Gani ya kori ji. An raba ta da gujiya, ga ta nan kamar ba ita ba."

Ita da kanta ta rako ni gida don ta nuna wa Inna. Inna ta kalle ni sau ɗaya ta kau da kai, ta ce alhamdulillahi, ta koma bakin kaskonta. Man Shinkafi ya ƙare a makon da na dawo. Ban damu ba, tunda a sanina ba shi ya yi aikin ba. Ba a daɗe ba ƙurajen suka dawo, kuma ba su dawo su kaɗai ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Suka fito har inda ba su taɓa fitowa ba, gefen hanci da kewayen baki, fatar ta yi ja tana raɗaɗi kamar an zuba barkono. Na daina zuwa makaranta na kwana biyu, na kwanta na juya wa ƙofa baya.

To wa zai yi musu kuma? An kai ta inda babu gyaɗa ta warke, an dawo da ita gidan gyaɗa ta lalace. Ko alƙali aka kai wa wannan shari'a hukuncin da zai yanke ke nan.

Ni ce 'yar farin Inna, kuma ita mai tsananin kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni, in za ta aike ni sai ta yi magana kamar da bango take. Saboda haka ba ta ce mini komai ba. Wata safiya dai na tashi ban ji ƙamshin suya ba. Na leƙa tsakar gida na ga ta wanke babban kaskon da toka ta kife shi a bayan ɗaki, ta kwantar da turmin, ta tattara kwalabe cikin buhu. Baba yana tsaye da butarsa.

"Yau ba a aiki?" ya tambaye ta.

"Na bari, Malam."

"Kin bari yau, ko kin bari?"

"Na bari. Ɗiya mace ta. Huska guda Allah Ya ba ta."

Baba ya ce Allah Ya sa haka ya fi alheri, ya fita. Ya san abin da maganar take nufi ga tukunyar gidan, ita ma ta sani. Ni kuwa, Allah Ya gani, daɗi na ji a ranar. Na gaji da fuskar nan har ba na iya tuna kowa sai kaina.

Masu saye suka yi ta sallama ana ba su haƙuri. Wani dattijo mai tsire a bakin tasha, wanda tun kafin a haife ni garin ƙulin Inna yake barbaɗawa, ya zo da kansa ya tsaya a zaure yana roƙo. Ya ce ko a gidan maƙwabta ne ta riƙa yi masa. Inna ta amsa daga bayan labule cewa man zai biyo ta a hannu da tufafi, ba ta iyawa. Ya koma wurin wata mata a layin gaba, sauran ma suka bi shi. Kasuwa ba ta jiran kowa.

Inna ta kama ƙananan sana'o'i. Ta ƙulla kuka da daddawa da gishiri, ta yi wankau, ta karɓi surfe. Duk a haɗe ba su kai rabin abin da mai ke kawowa ba. Nama ya koma sai da salla. Ƙannena suka saba da tuwo miya tsararo, ba wanda ya ce saboda ni ne, amma in an zauna cin abinci ba na iya ɗaga kai. Daga baya ta sayar da kaskon da turmin ga matar nan ta layin gaba, ina ji ana ciccibarsu ana fita da su.

Fuskar fa? Surukar Goggo ta sake aiko da man Shinkafi, na shafa, ta lafa, kowa ya ce an ga amfanin barin gyaɗa. Ya ƙare, ta tashi. Na koyi sayensa da kaina a wurin masu kayan koli. Tun yana kwantar da su har ya daina, sai dai fuskata ta yi fari fat wuyana na nan baƙi, fatar ta yi laushi kamar ledar ƙulla gishiri, ƙananan jijiyoyi suka bayyana a kumatu, rana kaɗan ta taɓa ni sai in ji kamar wuta. In Inna ta saci kallona sai ta ce wa ƙanwata, don in ji, man da ya daɗe a jiki ba ya fita rana ɗaya, a yi haƙuri. Haka muka yi ta haƙuri, ita da yunwarta, ni da fuskata.

Da ƙyar na gama sakandare, wani kawuna ya ɗauki nauyina na tafi Gusau karatun koyarwa. A can ne fuskar ta kumbura sosai wani lokaci, har ido ɗaya ya ƙanƙance, aka kai ni asibiti. Likitar mace ce, ba 'yar wajenmu ba, Hausarta irin ta gabas. Ta sa na ɗage hijabi, ta duba a gaban taga, tambayarta ta farko ita ce me nake shafawa. Na ciro bututun daga jaka. Ta karanta jikinsa, ta ajiye a gefenta, ba ta mayar mini ba.

Ta ce wannan magani ne mai ƙarfi na wasu cututtukan fata daban, ana shafa shi na ɗan lokaci bisa umarnin likita, ba man kwalliya ba ne. Yana danne kumburi da ja, shi ya sa ake ganin kamar an warke, amma yana cinye kaurin fata, yana ƙara haifar da ƙuraje, kuma da an daina sai su taso da fushi. Na ce mata ai ni gyaɗa ce ba na shiri da ita, na kwashe labarin Zurmi na faɗa mata. Ta tambaye ni yaushe na fara shafa man. Na ce a Zurmi. Yaushe ya ƙare? Na buɗe baki zan amsa, sai na tuna a makon da na dawo gida ne, dab da dawowar ƙurajen.

Ta yi mini bayani a hankali. A cikin fatar kowa akwai 'yan ƙananan jakunkuna da ke fitar da maiƙo ta ƙofofin gashi. In mutum ya balaga, sinadaran jikinsa kan sa su ƙara aiki. Maiƙon ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofar, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, sai wurin ya kumbura. Jiki ne ke yin wannan maiƙon da kansa, ba man miya ba ne ke biyo jini ya fito a goshi. Ba ƙazanta ba ce, ba yawan jini ba ne. Yana bin dangi, in ji ta, ta ce in tuna ko akwai mai irinsa a gidanmu. Na tuna ramukan da ke kumatun Baba a saman gemunsa, waɗanda tun ina yarinya na ɗauka haka aka halicce shi.

"To aikin man fa?" na tambaye ta. "Suya da matsa?"

"In mai yana yawan taɓa fuska yana iya ƙara toshewa kaɗan," ta ce. "Wanke hannu da fuska bayan aiki ya isa. Matsattsen hijabin nan da zufa sun fi shi yi miki illa."

"Ba sai an bar sana'ar ba ke nan?"

"Wace sana'a?"

Na mayar da hijabina. Ta rubuta mini ƙwayoyi na wasu watanni bayan ta tabbatar ba ni da aure balle ciki, da wani man da ake shafawa kaɗan kafin a kwanta. Ta ce sabulu marar ƙarfi sau biyu a rana, ban da dirza, ban da lemun tsami, ban da matsa, don matsar ce ke barin tabo. In sassauta bakin hijabi, in riƙa wanke shi akai-akai, in guji rana. Ta gargaɗe ni cewa fuskar za ta ƙara lalacewa kafin ta gyaru, saboda fatar ta saba da wancan man, kuma kada in kuskura in koma masa.

Haka aka yi. Makonnin farko na yi kuka, fatar na saɓa tana zafi. Ban je gida hutu ba, na ce karatu ya yi yawa. A hankali sababbi suka rage fitowa, tsofaffi suka bushe, launin fuskata ya dawo ya daidaita da wuyana. Tabon matsa bai tafi duka ba, yana nan har yau, na daina faɗa da shi.

Duk tsawon watannin nan magana ɗaya nake shiryawa. Haushi nake ji, na Goggo, na surukarta, na matan layi masu kama haɓa, na kaina. Na ƙudura in na koma gida zan zaunar da kowa in faɗa musu abin da likita ta ce, tiryan-tiryan. A mota daga Gusau ina ta maimaita ta a zuci. Har na tsara yadda zan ce wa Inna ta nemi wani kasko ta koma aikinta, kamar masu saye suna nan zaune suna jiranta, kamar kafaɗunta na nan yadda suke.

Na iso da la'asar. Na same ta a tsakar gida tana surfen geron wasu, ta rame, zanenta ya koɗe. Na durƙusa na gaishe ta, na cire hijabi saboda zafi. Ta ɗago ta dube ni, ta jingine taɓaryar a bango. Ta daɗe tana kallo, abin da ba ta saba ba. Sannan ta juya wajen ɗakin Baba ta ɗaga murya.

"Malam, hito ka gani. Man ya ida hita."

Baba ya fito yana dafa bango, ya dube ni ya ce masha Allahu. Inna ta goge hannuwanta a zane.

"Dare nawa ina tunani ko wauta niy yi. Ina ganin yaran ga suna lasar kwano, in ce ko na cuce su a banza. Ashe ban bari a banza ba. Alhamdulillahi, ban bari a banza ba."

Maganar likita tana bakina, na haddace ta tsaf. Baba ya tambaye ni ko can Gusau ma ina kiyaye gujiyar.

Na ce, "Ina kiyayewa, Baba."

Inna ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da surfe, don masu geron suna jira kafin magariba.